Hoto ya fito tas, iska ta tafi da murya

 Da yawa daga cikinku kun rubuto kuna tambaya, wai ina fim ɗin da muka yi alkawari a kan matan da suka yi aikin furojen Keita? Wani ɗan uwa daga Abijan ma cewa ya yi ko mun sayar ne mun cinye kuɗin. To, ba mu sayar ba. Yau za mu faɗa muku abin da ya same mu, sannan mu koma baya mu duba tarihi, domin matsalar da ta kayar da mu ta girme mu, ta girmi wayoyin da ke hannunmu. An yi fama da ita a ƙasar nan tun kafin a haifi iyayen wasunmu.

Hunturun bara waccan ne muka tashi mu huɗu a kan babura biyu, daga Madawa muka nufi wani gari a gundumar Keita. Kayan aikinmu duka waya ce guda mai kyamara mai kyau da muka aro, da batir na ajiya ɗaya. Muna neman wata tsohuwa da aka ce mana ita ta riƙe shugabancin matan garinsu lokacin da ake haƙar ramuka da jera duwatsu a kan fako. Ga ƙananan da ba su ga lokacin ba, furojen Keita an fara shi ne a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar FAO tana tafiyar da aikin, hukumar PAM tana ba da abincin da ake biyan ma'aikata da shi. Daga baya aikin ya faɗaɗa har Buza da Abalak. An farfaɗo da ƙasa sama da hekta 30,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, kuma kowa ya san mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin hannu, don maza sun watse biɗa bayan fari. Waɗannan alƙaluma suna nan a rubuce cikin rahotanni. Abin da muka je nema shi ne bakin waɗanda suka ɗauki duwatsun a kai.

Mun same ta, ta karɓe mu da hura. Muka zaunar da ita a fili, tudun da itatuwa suka rufe yana bayanta, don hoto ya yi kyau. Muka ja wayar baya kamar taku biyar saboda tudun ya shigo. Ta yi magana wajen minti 40. Ta ba da labarin yunwar 1984 da ake kira El Buhari, da yadda ake auna wa kowace ƙungiya aikin yini, da yadda ake goya yaro a ɗauki diga, da sunayen matan da suka yi aikin tare waɗanda yanzu ba su da rai. Mu da ke wurin mun ji komai da kunnenmu, shi ya sa babu wanda ya yi tunanin sa ekutar a kunne ya ji abin da wayar take ji. Da dare muka dawo muka kunna. Fuskarta ta fito tas, har jan goro a haƙoranta ana gani. Murya kuwa sai buuu na iska, kamar an tada injin niƙa a cikin ɗaki. A cikin minti 40, abin da kunne zai gane bai wuce minti 3 ba. Muka ce za mu koma bayan salla. Kafin mu koma aka aiko mana Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Wannan abu ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka shiga bincike. A ƙasar Adar tarihi a baki yake zaune. Akwai rubutun malamai na Larabci da ajami, amma yawancin abin da aka sani game da kafuwar garuruwa, da yaƙoƙi, da shekarun yunwa, tsofaffi ne da makaɗa da maroƙa suka riƙe shi. Ko Farfesa Djibo Hamani, da ya rubuta littafinsa kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda cibiyar IRSH ta buga a Yamai a 1975, sai da ya bi garuruwa ya zauna gaban tsofaffi. Labarin Agabba, ɗan Sarkin Abzin da ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, da sarautar da zuriyarsa ta riƙe a Illela, da baki aka yi ta miƙa shi. Saboda haka duk wanda zai yi fim ɗin tarihi a nan, muryar ita ce shaidarsa. Da muka duba tarihin fim a Nijar sai muka ga tun farkonsa wajen muryar ake shan wuya.

Labarin ya fara ne daga yamma, bakin kogin Isa, nesa da mu. Jean Rouch, Bafaranshe, ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanya. Shi ma ɗan koyo ne a harkar fim, kamar mu. A 1946 zuwa 1947 shi da abokansa biyu suka bi kogin cikin kwalekwale, yana riƙe da wata kyamara Bell & Howell da ya saya gwanjo. Kyamarar ba ta da batir, wani makulli ake murɗawa kamar tsohon agogo, ta yi aiki daƙiƙa 20 da ƴan kai ta tsaya. Kuma kurma ce, ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. Da ya kai hotunan Paris, kamfanin da ya saye su ya sake musu tsari, ya ɗora kiɗa da sharhi irin nasa, aka fitar da fim ɗin a 1947 da suna "Au pays des mages noirs". Mutanen da ke cikin hoton suna motsa baki, amma muryar da ake ji ta wani ce da bai taɓa taka ƙasarsu ba. Rouch da kansa bai ji daɗin abin ba. Kun ga ke nan, tun ranar farko, in ba ka ɗauko muryar mutum ba, wani zai yi magana a madadinsa.

Darasi na biyu masunta suka koyar da shi. Rouch ya yi fim kan farautar dorina da Sorkawa ke yi, mai suna "Bataille sur le grand fleuve", ya sa masa kiɗa a wajen farautar don ya ƙara armashi. A 1954 ya koma Ayoru ya kafa farin ƙyalle ya nuna wa masu abin. Suka kalla, suka sake kallo, sannan suka ce masa akwai kuskure. Farautar dorina shiru ake yin ta, kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya. Sai ya cire kiɗan. Mutanen da ba su taɓa ganin silima ba su ne suka gyara wa mai kyamara sauti. Mu kan tuna wannan duk lokacin da muka ga an ɗauki wani tsoho yana ba da labarin yunwa, an bi an danne shi da kiɗan fiyano na Indiya ko na Turai har ba a jin abin da yake faɗi.

Da yake kyamara ba ta ji, dabarar da aka yi a shekarun 1950 ita ce a ɗauki hoto, daga baya a zaunar da mutanen cikin ɗaki, a nuna musu, su yi magana a kai. Haka aka yi fim ɗin "Jaguar", labarin samari ƴan Nijar da suka tafi ci-rani Gwalkwas, wato Gana ta yau, inda Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia suka yi ta hira a kan hotunansu bayan an gama ɗauka. Haka kuma aka yi "Moi, un noir" a Abijan, wanda ya fito a 1958. Muryar da ta riƙe wannan fim ta Oumarou Ganda ce, ɗan Nijar da ya yi soja ya dawo yana dako a tashar jirgin ruwa. Daga wannan magana da ya yi a gaban mikro ya shiga harkar, har fim ɗinsa "Le Wazzou polygame" ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972.

Maganin kurumtar kyamara ya zo ne daga ƙasar Suwizalan. Wani injiniya ɗan asalin Polan, Stefan Kudelski, ya ƙera rakoda mai suna Nagra a 1951, kuma ƙirar da ya fitar a 1958 tana aiki da batir, ana rataya ta a kafaɗa. Aka kuma samo hanyar haɗa ta da kyamara da igiya, yadda zaren murya da na hoto za su tafi daidai, baki ya motsa magana ta fito lokaci guda. A farkon shekarun 1960 aka samu kyamarori marasa ƙara, don tsofaffin in suna aiki kamar keken ɗinki suke, mikro yana kwashe ƙarar. Daga nan aikin ya zama na mutum biyu, mai ido da mai kunne. Mai kunnen Rouch a finafinai da yawa ɗan Nijar ne, Moussa Hamidou. A 1971, a garin Simiri na Zarmaganda, aka ɗauki "Tourou et Bitti" a tashi ɗaya, kusan minti 10 ba yankewa, iyakar abin da gammo ɗaya na fim ke ɗauka ke nan, ganguna da maganar mutane duk suna tafiya da hoton. Abin da ƙaramar wayarmu take yi yau ba tare da mun lura ba, sai da aka shafe shekara sama da 20 kafin a kai gare shi. Kuma a wancan lokacin ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an kai fim ɗin Faransa an wanko.

Kada ku ce duk wannan labarin yamma ne. Kyamara ta iso Adar ita ma. Wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta yi shekaru tana aiki a garuruwanmu kan tarihin manoma da bori da maƙera. A ƙarshen shekarun 1960 ta yi fim mai suna "Noces de feu" a kan yadda maƙeran Adar ke narka tama su fitar da ƙarfe. Yau da wuya ka samu saurayi a Buza ko Keita da ya taɓa ganin an yi wannan aiki da idonsa. A wajen rediyo kuma, tun 1962 aka kafa ƙungiyar Radio-clubs ta Nijar. Masu raya kulob-kulob, yawancinsu malaman makaranta, suna tara mutanen gari a saurari shiri tare, a yi muhawara, su ɗauki maganar a rakoda su aika Yamai a sa a rediyon ƙasa. Ta haka manomi ya riƙa jin muryar manomi ɗan uwansa tana fitowa daga akwati. A 1968 kuma aka buɗe cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda yau ake kira CELHTO, aikinta ɗaukar maganar tsofaffi da adana ta.

Jiharmu ta Tawa tana da nata rabon a wannan tarihi. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 a N'Dounga, tun yana yaro yake yanka kwali yana haska fitila yana nuna wa yara wasan inuwa. Shi ya yi "Aouré" a 1962, ya yi finafinan zane mai motsi irin su "Bon voyage Sim" a 1966, lokacin da ake ganin wannan sana'a ta Turawa ce kawai. A ƙarshen rayuwarsa Tawa ya zauna, yana da masauki, ya mai da wasu ɗakunansa wurin aiki, yana haɗa ƴan tsana da waya da tsumma yana motsa su gaban kyamara. Ya rasu a 2015. Shi kuwa Rouch, a kan hanyarmu ajali ya same shi, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, ranar 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86. Moustapha Alassane da Damouré Zika suna cikin motar. A Yamai aka binne shi.

Amma na'urar da ta fi shiga gidajenmu ita ce kaset. Kamfanin Philips ya fitar da ita a 1963, ƴan ci-rani suka shigo mana da ita tare da rediyo mai cin manyan batura. Duk wanda ya haura shekara 40 a cikinmu ya tuna yadda ake zama a tsakar gida a kori yara da awaki, a danna maɓallai biyu tare, tsohuwa ta matso da bakinta ta yi wa ɗanta da ke Abijan ko Libiya gaisuwa da ƙorafi da labarin damina. Ba wanda ya koya musu, amma sun san a yi shiru, sun san a matso kusa, sun san a mayar da zaren baya a saurara kafin a ba direba. Abubuwa ukun nan su ne muka manta da su a Keita, mu da muke ganin mun waye. Bayan kaset aka shiga zamanin bidiyo. Finafinan Hausa na Kano suka fara da "Turmin Danya" a 1990, gidajen kallo suka cika Madawa, masu ɗaukar biki suka yawaita. Ku ɗauko tsohon kaset ɗin aurenku ku kunna, za ku ga amarya da ƴan rakiya, amma abin da kunne zai ji lasifika ce da injin wuta.

Na kusa da mu a wannan tarihi shi ne Sani Magori, ɗan Galmi, nan maƙwabtanmu, wanda ya karanci aikin gona kafin ya koma fim. A 2008 ya yi "Pour le meilleur et pour l'oignon", a kan albasar Galmi da yadda farashinta ke riƙe da aure da rayuwar gida. A 2010 ya yi "Koukan Kourcia", inda ya nemo tsohuwar zabiya Hussey, wadda waƙoƙinta suka tunzura samari suka tafi biɗa shekaru da dama da suka wuce, har da mahaifinsa, ya tafi da ita Abijan don ta kira su gida da muryar da ta kore su. Fim ne da aka nuna a ƙasashen duniya, kuma gaba ɗayansa a kan murya ɗaya yake tsaye. Da iska ta cinye ta kamar yadda ta cinye tamu, da babu fim.

To, da wannan karatun muka sake fita, wannan karon zuwa kwarin Majiya a gundumar Buza. A can ne tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da mutanen gari suka fara dasa dogon yaro layi-layi don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona tana binne shuka, har layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. Muka samu wani dattijo a wajen Garadume da ya yi dashen da hannunsa. Muna fara magana iska ta taso, muka tsaya muna kare mikro da hula. Ya dube mu ya yi dariya ya ce: "Ɗiyana, ku taho nan bayan icce mana. Ai don wagga iska munka dasa su." Muka koma bayan layin, ta gefen da iska ba ta bugu. Muka kunna muka saurara, muryarsa ta fito sarai, ganye yana ɗan motsi can sama. Wallahi kunya ta kama mu.

Ga abin da muka koya tun daga ranar, ko zai amfani wani. Kunnen mutum yana zaɓen abin da zai ji, mikro ba ya zaɓe, duk abin da ya fi kusa ko ya fi ƙarfi shi yake ɗauka. A fili, in ka ninka nisan da ke tsakanin baki da mikro, ƙarfin muryar da ke isowa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Wayar kuma da ta ji murya ta yi ƙasa sai ta ƙara wa kanta ji, ta jawo iska da kukan jaki su cika wurin. Shi ya sa yanzu waya biyu muke aiki da su. Ɗaya tana nesa tana ɗaukar hoto, ɗaya tana aljihun mai magana ko cinyarsa, da ƙaramin mikro na maƙalawa, kamar taƙi ɗaya daga bakinsa. In babu shi, mikron da ke jikin igiyar ekutar ma yana yi. Kafin a fara, mutum ɗaya ya tsaya gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Wajen montaj sai a daidaita ƙarar tafin da haɗuwar hannun, murya da hoto su hau layi ɗaya. Wannan ita ce tsohuwar dabarar allon da masu silima ke bugawa. Soson da ke zuwa da mikro ba ya iya wa iskar hunturu. Abu mai gashi ya fi, mu da guntun bargo mai laushi muka ɗinka wa namu riga. Sai a sa wayoyin duka biyu a yanayin jirgi, don kira ɗaya daga gida yana iya yanke ɗauka. Kuma dole mutum ɗaya ya sa ekutar tun daga farko har ƙarshe, ba shi da wani aiki sai saurare.

Wuri da lokaci su ma rabin aiki ne. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da murya kamar rijiya, da rana kuma kwanon yana ƙas-ƙas saboda zafi. Ɗakin ƙasa mai tabarmi da labule, ko rumfar zana, sun fi shi nesa ba kusa ba. A garuruwanmu iskar hunturu takan yi ƙarfi da hantsi, ta lafa da yamma, don haka sassafe ko bayan la'asar muke zama da mutane. Sai dai kowane lokaci da nasa. Da safe zakaru da daka, da yamma injin niƙa da ƴan kabu-kabu. A fadamun albasa na kwarin Tarka injin ban ruwa ba ya shiru, sai ka roƙi mai shi ya kashe na minti 20, ka kuma san man da lokacin nasa ne. Bayan an gama hira mukan ce kowa ya yi shiru minti ɗaya mu ɗauki sautin wurin kawai, da shi ake cike gurbi in an yanke magana, kada a ji tsalle. A watan Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, waya tana kashe kyamara da kanta, sai an riƙe mata lema. Mun taɓa sayen katin ajiya mai arha a kasuwa, an rubuta masa girma a jiki, ashe na jabu ne, hirar yini guda ta ƙi buɗuwa. Wuta kuma kun san halinta, shi ya sa ba ma fita sai da ƙaramin faranti mai aiki da rana. In za a tura wa mai montaj ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar tana matse shi ta rage masa kyau. Kuma a ajiye kowane ɗauka wuri biyu tun a daren.

Akwai kuma matsalar da ba ta na'ura ba. Dattijuwa ba za ta yarda saurayi ya maƙala mata abu a mayafi ba, kuma tana da gaskiya, shi ya sa yanzu ba ma fita sai da ƴar uwarmu mace. In maza suka kewaye wurin, mace takan rage murya ta taƙaita magana, ko wani ya riƙa amsa mata. Mukan roƙi mai gari ya janye mana jama'a, a bar ta da ƙawayenta. Saboda kunya ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, sai mu tambayi wani daga baya mu rubuta a littafi, tare da sunan gari da ranar ɗauka. Ba ma gyara wa kowa harshe. Wanda ya ce munka da sunka, haka za a ji shi, don Adaranci kansa yana cikin abin da muke son adanawa. Wanda ya fi sakewa da Tamajak ko Fulatanci ya yi da harshensa, a fassara daga baya, amma a bar muryarsa ta fara fitowa kafin ta mai fassara. Kuma muna gaya wa kowa tun farko cewa abin zai hau intanet, ƴaƴansa na Abijan da Legas za su gani, wanda bai sani ba ma zai gani. In bai yarda ba mu kashe.

Saura maganar minti 3 ɗin marigayiya. Wani ya ba mu shawara mu samu wata tsohuwa mai irin muryarta ta maimaita abin da muka tuna, mu ɗora a kan hoton. Wani ya ce yanzu akwai manhajar da ke ƙirƙiro murya. Mun zauna mun yi shawara mun ƙi. Abin da aka yi wa mutanen bakin kogi a Paris a 1947 ke nan, ba za mu yi wa uwarmu shi da hannunmu ba. Za mu sa minti ukun yadda suke, da iskarsu. Sauran labarin mun koma mun ɗauke shi daga bakin ƙawayenta uku da suka yi aikin tare, a cikin ɗakin ƙasa, mikro a kusa, kuma mun saurara kafin mu tashi. Wani abin sun tuna, wani sun yi gardama a kai, wani kuma sun ce ita kaɗai ta sani.

Fim ɗin yana hannun mai montaj. In an gama, garinsu za mu fara kai shi, a kafa ƙyalle a ƙofar mai gari su kalla su gyara mana, sannan ya hau wannan shafi. Kafin nan muna da roƙo. Duk wanda ke da tsohon kaset a gida, na saƙon ci-rani, na waƙar biki, na wa'azi ko hirar wani tsoho, kada ya bar shi cikin akwati zafi da gara su gama da shi. Ku yi mana magana ta akwatin saƙo, mu juye muku shi a waya mu mayar muku da abinku. Wanda kuma yake da kaka ko kakan da ya ga yunwar 1973 ko ya yi aikin Keita ko dashen Majiya, ya samu lokaci cikin satin nan ya zauna da shi, ya matso da wayar kusa, ya ɗauka, ya kunna ya ji kafin ya tashi.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa tsofaffinmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Ku bar mana ra'ayoyinku a ƙasa, kuma ku faɗa mana garin da kuke so mu je gaba.